Kafin Ka Sayi Makirufo, Fara Sauraren Ɗakinka

 

Wasiƙar da za mu duba yau ta fito ne daga Gwallameji, watau unguwar nan ta bakin hanyar Dass a birnin Bauchi, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1979. Wanda ya rubuto ta ɗalibi ne a can, kuma mahaddacin Alƙur'ani. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuwa yarda. Sana'arsa ita ce koya wa 'ya'yan waɗansu Hausawa mazauna Ingila da Saudiyya karatu ta wayar hannu, sau huɗu a mako, ana biyansa a ƙarshen wata. Da wannan kuɗi yake biyan makaranta da hayar ɗaki, har ya aika wa mahaifiyarsa ɗan abin cefane. Ga yadda ya ce:

"Yaya, gida uku nake koyarwa, yanzu sun koma biyu. Mahaifin yaran da suka bari ya ce ba laifin karatuna ba ne, amma 'ya'yansa ba sa rarrabe sin da sodi a bakina, kuma ƙarar janareta ta fi muryata fitowa. Uwar ɗaya gidan ita ma ta fara ƙorafi. Na tara 'yan kuɗi, na je kasuwa, mai shago ya nuna mini wani makirufo mai ruwan zinariya da sandarsa da wani ɗan akwati mai fitilu, ya ce irinsa mawaƙa ke amfani da shi. Kuɗin duk abin da na tara ne. In saya ko in bari?"

Da na karanta wannan wasiƙa sai na yi murmushi irin na wanda aka taɓa masa tsohon miki. Shekaru goma da 'yan kai da suka wuce, sa'ad da nake karatun difloma ta aikin jarida, a wannan unguwa na zauna, a wani ɗaki mai rufin kwano wanda bangonsa bai fi kaurin littafi ba. Aka ba mu aikin ƙarshen zango, kowa ya shirya shirin rediyo na minti goma sha biyar. Ni kuwa don in fi 'yan ajinmu, sai na kwashe kuɗin abincina na kusan wata guda na sayo irin wannan makirufo mai ƙyalli. Na soka shi a kwamfuta, na gyara zama, na karanta rubutuna kamar ina gidan rediyon BBC. Da na saurara, sai na ji muryata can ƙasa kamar ina magana daga cikin rijiya, ga wani huci a bayanta kamar ana soya ƙosai, ga rediyon maƙwabcina ya fito tangaram har ana gane tashar da ya kama. Dare uku ina fama. A ƙarshe da wayar wani abokina na naɗi shirin, a cikin bargo, da asuba. Laifin kuwa ba na kowa ba ne sai nawa, domin na sayi abu ban tambayi yadda yake aiki ba. Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi, ni a lokacin ban ɗauki ko rabin ba.

To, makirufon da mai ƙaramin ƙarfi zai ci karo da shi a kasuwa iri biyu ne, kuma duk wanda ya gane bambancinsu ya huta da rabin wahala.

Na farko shi ne wanda ake kira dainamik. A cikinsa akwai wata 'yar fata siririya, kamar fatar kalangu a ƙanƙance, an manna mata waya a nannaɗe, ita kuma wayar tana zaune cikin maganaɗisu. In ka yi magana, iskar bakinka ta kaɗa fatar, fatar ta motsa wayar, motsin wayar cikin maganaɗisu ya haifar da 'yar wutar lantarki, ita ce ake mayarwa sauti. Ba ya bukatar batir, ba ya bukatar wuta daga ko'ina. Shi ne wanda kake gani a hannun ladan da sanƙira da mai wa'azi da ɗan siyasa. Ya faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba. Shahararren cikinsu shi ne SM58 na kamfanin Shure na Amurka, wanda aka fara fitarwa a 1966, har yau kuma ana ƙera shi kusan yadda yake.

Na biyu shi ne kondensa. Shi fatarsa ta fi sirantaka nesa ba kusa ba, tana fuskantar wani faifan ƙarfe, da ɗan rata tsakaninsu wanda bai kai kaurin takarda ba. Tilas sai an ba shi wuta kafin ya yi aiki. Wani injiniya Ba'amurke, E. C. Wente, ya ƙirƙiro shi a 1916. Daga baya, a 1962, Gerhard Sessler da James West na ɗakin binciken Bell suka fito da wani nau'insa mai arha da ake kira elektiret, wanda shi ne ya sa makirufo ya zama abin da ake sakawa cikin rediyo mai kaset da iyafis da kayan wasan yara. Kondensa yana da jin kunne ƙwarai, yana kama laushin murya da numfashi da motsin leɓe. Shi ya sa gidajen rediyo da masu naɗar waƙa ke son sa. Amma fa a tuna, su suna da ɗaki da aka gina musamman, mai ƙofa biyu, bango a lulluɓe, ko ƙuda ya shiga sai an ji.

Yanzu mai karatu ya rufe ido ya zo mu shiga Gwallameji da ƙarfe takwas na dare, an ɗauke wuta. Mai aski ya tayar da janareta, mai cajin waya ya tayar da nasa, gidan kallon ƙwallo an ci, an kwashe da ihu. 'Yan acaɓa na zirga-zirga suna danna ham. A ɗakin da ke jikin naka ɗalibai shida na gardama, a tsakar gida wata na jan guga. In damina ce, ruwa na dukan kwano kamar ana watsa tsakuwa. A irin wannan wuri, kaifin kunnen da ake yaba wa kondensa da shi ya zama masa aibi. Kamar ka ɗauko maroƙi mai yawan surutu ne ka ajiye a ɗakin da ake sirri.

Sai dai akwai wata magana da ake yawan faɗi wadda ba daidai take ba, wai dainamik ba ya jin hayaniya. Yana ji mana. Abin da ke faruwa shi ne, an ƙera shi don a manna shi a baki, a nan kuma asirin yake. Ƙa'idar sauti ita ce, duk sa'ad da ka ninka nisan da ke tsakanin bakinka da makirufo, ƙarfin muryarka a wurinsa zai ragu da kimanin ma'auni shida, a ma'aunin da ake kira desibel. Alal misali, wanda ya ajiye makirufo a kan tebur, santimita 40 daga bakinsa, in ya matso da shi ya zama santimita 5, ya rage nisan da rabi har sau uku, watau muryarsa ta ƙaru da kusan ma'auni 18. Janaretan maƙwabci kuwa yana nan inda yake, bai ƙaru da komai ba. Sai ka rage ƙarfin ɗauka a waya ko kwamfuta, muryarka ta dawo daidai, janareta ya nutse. Babu wani makirufo mai tsada da zai ba ka irin wannan riba da ɗan matsowa ya ba ka kyauta. Malaminmu na aikin rediyo yakan ce mana, yatsu huɗu tsakanin leɓe da raga, kada a daɗa.

Daɗin daɗawa, yawancin waɗannan makirufo na hannu suna ji ne ta gaba, suna rage abin da ke zuwa ta bayansu. Saboda haka ka juya ƙeyar makirufon wajen tagar da hayaniya ke shigowa, kai ka fuskanci tagar. Mutane da yawa akasin haka suke yi, su ba taga baya, sai makirufon ya kalli bakinsu da tagar gaba ɗaya.

Mu koma kan mai ruwan zinariyar da aka nuna wa ƙanenmu. Galibin irinsa da ke yawo a kasuwanninmu su ne ake kira BM-800, kuma masana'antu barkatai ne ke ƙera su da suna iri iri. Kondensa ne. In an soka shi kai tsaye a ramin kwamfuta, 'yar wutar da ramin ke bayarwa takan sa shi ya yi magana, amma a raunane, in ka ƙara ƙarfi kuma hucin ya ƙaru tare da muryar. Yana ɗan gyaruwa in an ba shi wuta mai ƙarfin volt 48, wadda sai an sayi wata na'ura dabam. Ɗan akwatin nan mai fitilu da ake haɗawa da shi, wanda 'yan kasuwa ke kira saunkad, an yi shi ne don masu rera waƙa a bidiyo, yana da maɓallin tafi da na dariya da na amsa-kuwwa, yawancinsu kuma ba sa ba da wannan volt 48 ɗin. Malamin Alƙur'ani me zai yi da maɓallin tafi? Wani abin ban haushi kuma, ta gefe ake yi wa irin wannan makirufo magana, ta wajen da aka buga tambari, amma sai ka ga samari a bidiyo sun nuna shi ga baki kamar rake suna magana ta ƙoƙon kansa.

Allah da ikonsa, aiki ya kai ni Bauchi makonni biyu bayan wasiƙar, sai na nemi ɗalibin ya kai ni ɗakinsa. Ban je da komai ba sai iyafis mai waya da wani tsohon makirufo na maƙalawa a riga da nake yawo da shi cikin jaka. Abin da na fara tambaya shi ne, da me yake koyarwa yanzu. Sai ya ɗauko 'yan kunnen nan marasa waya, masu aiki da Bluetooth, yana alfahari da su. Nan take na gane rabin ciwon.

Ga dalili. Waɗannan 'yan kunne suna da daɗin sauraron karatu ko waƙa, amma da zarar an buɗe makirufonsu don kira, sai su koma wata hanya ƙuntatacciya, su matse muryar. Masu arha da tsofaffin ƙira sukan yanke duk sautin da ya haura girgiza 3,400 a daƙiƙa, kamar tsohuwar wayar tangaraho. Alhali kuwa shewar da ke cikin harafin sin, da makamantansa, mafi yawanta sama da nan take zaune. Wannan shi ya sa tun da can mai magana a tarho in ya zo faɗin suna sai ya riƙa cewa "sa" ta Sani, "fa" ta Fatima. To, in an yanke wannan sashe, yaro ɗan shekara bakwai a Landan ta yaya zai rarrabe sin da sodi? Bugu da ƙari, makirufon nasu yana can jikin kunne, ya ba baki baya.

Na ce ya ɗauko wayarsa, mu yi gwajin da kowa zai iya yi a gida ba tare da kashe ko kwabo ba. Ya buɗe manhajar naɗar murya, ya karanta aya guda da 'yan kunnen nasa. Sa'an nan ya sake karanta ta da iyafis ɗina mai waya, yana riƙe da ɗan kumburin makirufon kusa da gefen bakinsa. Kana ya sake da na maƙalawa a riga. Muka saurara ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo na biyu sai ya dafe kai ya ce, "Yaya, ashe abin da nake nema yana cikin kwalin waya tun ranar da na saye ta." Ban ce masa komai ba, domin ni ma na taɓa zama a wannan kujera.

Wannan gwaji yana da wani amfani kuma. Ƙorafi da yawa da ake ɗora wa makirufo na layin sadarwa ne. In ka naɗi muryarka a cikin waya ka ji ta fes, amma wanda ke ɗaya gefen ya ce tana yankewa ko tana zuwa kamar ta aljani, to intanet ɗinka ce ba ta da ƙarfi, ko da za ka sayi makirufon gidan rediyon Jamus ba abin da zai sauya. Maganin wannan shi ne sauya wurin zama, ko sauya layi, ko kashe hoton bidiyo a bar murya kaɗai. Haka nan in ɗalibi ya ce yana jin muryarsa tana dawo masa, daga lasifikar wayarka take komawa cikin makirufo, sa iyafis a kunne ya kashe maganar.

Akwai kuma wani ɓarawon murya da mutane ba su cika lura da shi ba, watau dabarar nan ta share hayaniya da ake sakawa cikin manhajoji da ƙananan makirufo marasa waya, waɗanda 'yan TikTok ke maƙalawa a wuyan riga. An koya mata ta gane maganar yau da kullum ta bar ta, ta goge sauran. Mai karatun Alƙur'ani kuwa yana jan madda, yana riƙe gunna, sai na'urar ta ɗauka ƙugin inji ne ta shiga gutsure shi. Mai rera waƙa da mai busa sarewa su ma haka take yi musu. A manhajar Zoom akwai wurin da ake rage ƙarfin wannan shara, har da wani zaɓi na barin sauti yadda yake wanda aka tanada don makaɗa. Duk malamin da ke koyar da tajwidi ta wannan manhaja ya kamata ya nemi wurin. Amma fa in ka kashe sharar, janareta zai dawo, don haka sai ka riga ka matso da makirufo bakinka.

To, me mutum zai saya? Ni dai ga ra'ayina, kuma na san akwai abokan aiki da za su yi mini gardama.

Wanda bukatarsa ita ce hira da koyarwa da aika saƙon murya, ya fara da iyafis mai waya na kirki, ko irin mai ɗan hannu da ke zuwa gaban baki kamar na ma'aikatan amsa kira. Wanda yake son ya ɗan ɗaga, ko yana ɗaukar bidiyo, ya nemi na maƙalawa a riga mai waya. Wanda aka fi sani a nan shi ne BY-M1 na kamfanin Boya, wayarsa ta kai mita shida, yana da ɗan batir irin na agogo mai lamba LR44, da maɓalli mai matsayi biyu, ɗaya na kyamara ɗaya na wayar hannu. Da yawa sun mayar da shi shago suna cewa ya mutu, alhali maɓallin ne ke gefen da bai dace ba. Sai dai a sani, shi ta ko'ina yake ji, amfaninsa kawai yana kusa da baki, don haka a maƙala shi sama, taki ɗaya daga haɓa, kada mayafi ko babbar riga su riƙa gogarsa.

Wanda kuma muryarsa ce jarinsa, kamar mai karanta littattafan Hausa yana ɗorawa a YouTube, ko mai naɗar talla, ko malami irin ƙanenmu, inda ya kamata ya dosa shi ne dainamik mai shiga ta USB. Samson Q2U misali ne da ya daɗe ana yabawa: yana da ramin USB, yana da na XLR mai ƙafa uku irin na masallaci da ɗakin taro, yana kuma da ramin sa iyafis ka ji kanka sa'ad da kake magana. Kamfanonin Sin irin su Fifine da Maono su ma suna da masu wannan siffa a farashi mai sauƙi. Kuɗinsa ya ninka na maƙalawa a riga sau da yawa, gaskiya ne, amma ba ya bukatar wani akwati, kuma in Allah ya buɗa ka sayi babbar na'ura nan gaba, ba za ka jefar da shi ba. A lura da kalmar dainamik a jikin kwali, domin akasarin masu USB da ke kasuwa kondensa ne, ka ga an koma gidan jiya.

Ban sa farashi a nan ba da gangan. Tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki darajar naira ga kasuwa, kayan da ake shigowa da su daga waje ba su zauna wuri ɗaya ba, abin da na rubuta ranar Litinin yana iya zama tatsuniya ranar Juma'a. Mai saye ya tambaya a shago uku, a Wunti in yana Bauchi, ko Farm Centre in yana Kano, ya kuma duba abin da ake sayarwa a intanet, kafin ya zaro kuɗi.

Batun kan soket kuma kada a raina shi, domin a nan ne kuɗin mutane da yawa ke maƙalewa. Ɗauki kan iyafis ɗinka ka duba ƙarfen. In zobe baƙi biyu ne a jiki, na sauraro ne kaɗai, ko kuwa makirufon kyamara da tsohuwar kwamfuta. In zobe uku ne, shi ne na wayar hannu, mai ɗauke da sauraro da magana tare. Ka soka mai zobe biyu a waya, wayar ba za ta san ka sa makirufo ba, za ta ci gaba da ɗauka da nata na ciki, kai kuwa kana ta yabon sabon kayanka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: fara naɗa, ka ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, sa'an nan ka ƙwanƙwasa gindin wayar, ka saurara ka ji wanne ya fi fitowa. Ga shi kuma tun 2016 da kamfanin Apple ya cire wannan rami daga iPhone 7, waɗansu kamfanoni suka bi sahu, sai da 'yar mahaɗa. Makirufon USB kuwa yana shiga yawancin wayoyin Android ta mahaɗar da ake kira OTG, amma daga batirin wayar yake shan wuta, kuma a waɗansu wayoyin sai an kunna OTG ɗin a cikin saiti. Ba kowace manhaja ce kuma ke yarda da makirufon waje a lokacin kira ba. Saboda haka ka tafi shago da wayarka, da manhajar da kake aiki da ita, ka kira wani a gaban mai shagon.

Jabu kuwa ya yi yawa, musamman na SM58, wanda kusan babu makirufon da aka fi kwaikwaya kamarsa a duniya. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, har da 'yar jakar. In aka ce maka ga shi sabo a kuɗin da bai kai rubu'in na ainihi ba, kada ka tsaya dogon bincike. Ni a ganina gara ka sayi mai arha da ya amsa sunansa da ka sayi mai arha da ya ari sunan wani, domin na farko in ya lalace ka san abin da ka saya. A shago, bayan gwajin magana, yi gwajin shiru: naɗi daƙiƙa goma ba ka ce komai ba, ka sa iyafis ka ji yawan hucin. Girgiza wayar a wajen da ta shiga makirufon, in ka ji ƙaras ƙaras, ajiye. Ka kuma yi magana da mai shago a kan mayarwa tun kuɗi na hannunka.

Sauran aikin na ɗaki ne. Ɗakin ƙanenmu siminti ne sama da ƙasa, babu komai sai katifa da akwati da tabarmar salla. Na ce ya tafa hannu sau ɗaya, muka ji ƙarar ta yi tsalle tsakanin bango da bango. Wannan amsa-kuwwa ita ke sa murya ta zama kamar a banɗaki aka ɗauke ta. Muka jingina katifa a bangon da ke bayansa, muka rataya bargo a igiyar shanya ta gefe, muka shimfiɗa darduma, muka buɗe akwatin kayansa. Ya sake tafawa, ƙarar ta faɗi nan take. Ya tambaye ni batun kwalin ƙwai da yake gani ana mannawa a bango. Na ce ya bar wa masu kaji abinsu. Ba ya hana ƙarar waje shigowa, abin da yake sha na amsa-kuwwa kaɗan ne, ga tara kyankyasai, ga haɗarin gobara a ɗakin da ake girki da risho. Abin da ke tare ƙarar waje nauyi ne da toshe kafa, watau bango mai kauri da ƙofa mai rufuwa ruf, wanda ɗan haya ba shi da iko a kai. Abin da yake da iko a kai shi ne lokaci. Na ba shi shawara duk karatun da zai naɗa ya aika, ya yi shi bayan sallar asuba kafin unguwa ta tashi.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da na nuna masa a tsaye. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja marar kyau takan shigo da wannan ƙugi cikin sauti, balle in wutar janareta ce. In ka ji "zzz" a ƙarƙashin muryarka, cire cajar ka yi aiki da batir. Fanka kada ta hura kan makirufo kai tsaye. Harufan "fa" da "ba" da ke bugun raga kamar an yi tari, ana maganinsu da soson nan da ake sa wa kan makirufo, ko a lanƙwasa waya a yi zobe a ja tsohuwar safa mai laushi a kai, a tsayar tsakanin baki da raga, ko kuma kawai a ɗan karkatar da makirufon gefen baki. In hunturu ya shigo, a riƙa mayar da shi cikin jaka, domin ƙurar Bauchi ba ta san tsada ba. Mai kwamfuta kuma yana iya sauke manhajar Audacity, kyauta ce, ya riƙa yanke tari da gyaran murya kafin ya aika.

Da za mu fito, sai hira ta kai mu ga marigayi Sa Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, wanda kuma duniya ta laƙaba wa Muryar Zinariya ta Afirka. Na ce wa ɗalibin ya nemi tsofaffin jawabansa ya saurara, ya lura da yadda yake ba kowane harafi haƙƙinsa, ba ya gaggawa, ba ya haɗiye ƙarshen kalma, alhali na'urorin wancan zamani ba su kai wayar da ke aljihunsa ba. Ya yi dariya ya ce ai wannan darasin tun a makarantar allo aka ba shi da bulala.

Shekaranjiya ya aiko mini da saƙo. Bai sayi mai ruwan zinariyar ba. Ya sayi iyafis mai waya da na maƙalawa a riga, abin da ya kashe bai kai sulusin abin da ya tara ba, sauran ya zuba a adashi yana jiran kwasarsa ya sayi dainamik mai USB. Uwar yaran da ta fara ƙorafi ta ce yanzu ana jin sa sarai, har ta tambaya ko ya sauya gida ne. Gidan da suka bari dai sun riga sun sami wani malami, ba su dawo ba. Ya ce mai askin yana nan da janaretansa, amma sun yi magana, ya yarda ya matsar da shi bayan shago ranakun Asabar da Lahadi daga ƙarfe biyar zuwa shida.

Masu tambaya a kan fitilar ɗaukar bidiyo, wasiƙunku sun iso, za mu duba su. Sai mun sadu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.